Ryanair: Yadda tikitin araha ya zama ribar biliyoyi, da waɗanda ke biyan cikon kuɗin

Ryanair kamfanin jiragen sama ne na ƙasar Ailan, hedikwatarsa na garin Swords da ke gefen Dublin, kuma babu kamfanin da ya kai shi yawan fasinja a nahiyar Turai. A shekarar kuɗi da ta ƙare ranar 31 ga Maris, 2025, ya ɗauki fasinja miliyan 200.2, wanda ya sa ya zama kamfanin Turai na farko da ya haye miliyan 200 cikin shekara guda. Kuɗin da suka shiga aljihunsa sun kai yuro biliyan 13.95, ribar da ta rage bayan haraji kuwa biliyan 1.61.

Idan aka raba wannan riba da yawan waɗanda suka hau, abin da ke fitowa kusan yuro 8 ne a kan kowane mutum. Da wannan ɗan abin ne kamfanin ya tara jirage sama da 600, ya kafa sansani a filaye fiye da 90, yake kuma juya gwamnatoci yadda yake so. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin labarin tsumulmula da iya kasuwanci, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai rabin labarin siyasa ce: dokokin da aka sauya, tallafin da ƙananan hukumomi suka biya, haƙƙin ma'aikatan da aka matse, da harajin da ba a karɓa ba.

Daga kujera 15

A watan Yulin 1985 jirgin Ryanair na farko ya tashi daga Waterford zuwa filin Gatwick na Landan. Ƙaramin jirgi ne ƙirar Embraer Bandeirante mai kujera 15. Jagoran waɗanda suka kafa kamfanin shi ne Tony Ryan, attajirin da ya yi kuɗinsa a harkar bayar da hayar jirage. A 1986 suka shiga hanyar Dublin zuwa Luton da tikitin zuwa da dawowa ƙasa da fam 100, a lokacin da Aer Lingus da British Airways ke karɓar fiye da fam 200. Fasinja ya samu, riba ba ta samu ba. Zuwa 1990 asarar da ta taru ta kai kimanin fam miliyan 20.

Abubuwa biyu suka ceci kamfanin. Na farko hannun gwamnati ne: a 1989 gwamnatin Ailan ta keɓe masa hanyoyin Stansted da Luton, ta kawar da Aer Lingus, wanda mallakinta ne, daga kansu. Yana da kyau a riƙe wannan a rai, domin kamfanin da daga baya ya yi suna wajen la'antar katsalandan ɗin gwamnati da irin wannan katsalandan ya miƙe. Na biyu shi ne Michael O'Leary, akanta ɗan shekara talatin da 'yan kai a lokacin, wanda ya je Amurka ya ga yadda Southwest Airlines ke aiki a Texas tun 1971, ya dawo ya kwaikwayi tsarin, ya kuma tsananta shi fiye da yadda masu shi suka yi. Ya zama shugaban kamfanin a 1994.

Sannan sai doka ta buɗe ƙofa. Tarayyar Turai ta sassauta dokokin sufurin sama mataki-mataki, har zuwa Afrilun 1997 da kowane kamfani mai lasisin wata ƙasa ta tarayyar ya samu 'yancin jigila tsakanin kowane birni biyu a cikinta, har da biranen cikin wata ƙasar da ba tasa ba. Kafin nan, gwamnatoci biyu ne ke zama su tsara wane kamfani zai bi wace hanya, sau nawa, a kan nawa. A shekarar ce Ryanair ya sayar da hannun jari a kasuwannin Dublin da Nasdaq, ya kuma buɗe hanyoyinsa na farko zuwa babban yankin nahiyar Turai: Beauvais, Charleroi, Skavsta da Torp.

Inda ake rage kashe kuɗi

Sunayen nan huɗu su ne mabuɗin tsarin. A tikiti ana rubuta Paris, amma Beauvais na da nisan kusan kilomita 85 daga Paris, wato kwatankwacin Kaduna zuwa Zariya. Skavsta na da kimanin kilomita 100 daga Stockholm. Filin Hahn, wanda aka laƙaba wa sunan Frankfurt, tsohon sansanin sojan saman Amurka ne da ke da nisan kusan kilomita 120 daga birnin. Irin waɗannan filaye ba su da cunkoso, kuɗin sauka a cikinsu kaɗan ne, kuma masu su a matse suke su ga jirgi. Araha ba ta ado, fasinja ya ƙarasa tafiyarsa a bas.

Rashin cunkoso ne ke ba da damar abin da kamfanin ya fi ji da shi, wato jirgi ya sauka, ya sauke mutane, ya kwashi wasu, ya tashi cikin minti 25. Jirgi a ƙasa ba ya kawo ko kwabo. Wanda ya rage zamansa a ƙasa zai iya ƙara sawu ɗaya ko biyu a rana da jirgi ɗaya da ma'aikata ɗaya. Saboda haka aka cire duk abin da zai ɓata lokaci ko kuɗi: kujerun ba sa kwantawa, babu aljihu a bayansu da za a tsaya sharewa, an manna bayanan kariya a jikin kujera, jirgin kuma na ɗauke da matakalarsa don kada a yi hayar ta filin. Ba a sayar da tafiya mai haɗi a mafi yawan hanyoyi, don haka babu ɗawainiyar sauya wa kaya jirgi ko jiran wanda ya makara.

Jiragen kansu kusan duka iri ɗaya ne, Boeing 737, in ban da 'yan Airbus A320 na reshensa Lauda Europe. Iri ɗaya na nufin horo ɗaya ga matuƙa, kayan gyara ɗaya, injiniyoyi ɗaya. Samfurin 737-800 na da kujera 189, sabon 737-8200 kuma 197. Ba a banza aka tsaya ƙasa da 200 ba: doka ta ce kowace kujera 50 sai da ma'aikacin cikin jirgi guda, to kujera ta 201 za ta jawo albashin mutum na biyar.

Lokacin sayen jiragen ma dabara ce. A Janairun 2002, watanni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, lokacin da sauran kamfanoni ke soke odarsu, Ryanair ya yi odar 737-800 guda 100. A Disamban 2020, ana tsakiyar korona, samfurin MAX kuma bai daɗe da fitowa daga haramcin tashi ba bayan haɗurra biyu a Indunusiya da Habasha, ya ƙara odar guda 75, jimilla ta zama 210. Ba a bayyana ainihin farashin da yake biya, amma duk mai saye a ranar da babu masu saye ya san shi ke yanka farashi.

Ga abin da ba a taɓa ba kuwa, dole a faɗa: a shekaru arba'in na aikinsa kamfanin bai taɓa yin haɗarin da ya kashe fasinja ba.

Inda ribar take

Matsakaicin kuɗin tikiti a shekarar kuɗi ta 2025 kusan yuro 46 ne, ƙasa da na shekarar da ta gabace ta da kashi 7 cikin 100. Amma kowane fasinja ya ƙara biyan kimanin yuro 23 a kan abubuwan da a da kyauta ne a jirgi: jakar da za a saka a ƙasa, jakar hannu mai ɗan girma, zaɓen kujera, shiga jirgi da wuri, abinci da abin sha. Waɗannan ƙarin kuɗaɗe sun tara yuro biliyan 4.72, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan kuɗin shiga, kuma kusan ninki uku na ribar shekarar. Tikitin shi ke jawo mutum zuwa shafin intanet na kamfanin. Cinikin gaske yana farawa ne bayan ya latsa.

Manufar kamfanin ita ce a cika jirgi ko ta halin ƙaƙa, farashi ya bi baya. Shi ya sa kujerunsa ke cika da kashi 94 cikin 100 a matsakaici. Kujerar da aka sayar yuro 15 ta fi wadda ta tashi babu kowa, domin mai yuro 15 zai iya biyan kuɗin jaka, kuma kansa na cikin adadin da za a nuna wa masu filin jirgi a teburin ciniki.

Ba kowace hukuma ce ta yarda da wannan ba. A Nuwamban 2024 ma'aikatar kare haƙƙin masu saye ta Sifaniya ta ci tarar kamfanonin araha biyar yuro miliyan 179 saboda karɓar kuɗin jakar hannu da kuɗin zaunar da yara kusa da iyayensu da makamantansu. Kason Ryanair shi kaɗai kusan miliyan 108 ne. Kamfanin ya garzaya kotu, yana mai cewa dokar Tarayyar Turai ta ba kamfanoni 'yancin tsara farashinsu.

Hanya a matsayin makami

A nan ne labarin ya fi shafar mai bin siyasa. Ga kamfanin gargajiya irin Lufthansa ko Air France, babban filinsa gida ne, ba zai iya kwashe Frankfurt ko Paris ya kai wani wuri ba. Ryanair ba shi da gida irin wannan. Sansani a wurinsa jirage ne 'yan kaɗan da ke kwana a fili tare da ma'aikatansu, kuma cikin watanni za a iya mayar da su wata ƙasa. Saboda haka buɗe hanya da rufe ta sun zama abin ciniki. Gundumar da ke son 'yan yawon buɗe ido da ayyukan yi za ta rage kuɗin sauka, ko ta biya abin da ake kira kuɗin talla, wato ta sayi tallan yankinta a shafin kamfanin da kuɗin jama'a.

Rigimar farko ta tashi ne a Charleroi, tsohon garin kwal da ƙarafa a yankin Wallonia na Beljiyam, inda Ryanair ya kafa sansaninsa na farko a babban yankin nahiyar Turai a 2001. A Fabrairun 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta yanke cewa wani ɓangare na rangwamen da aka yi masa haramtaccen tallafi ne. A Disamban 2008 kotun tarayyar ta soke hukuncin. Amma ba ko'ina ya yi nasara ba. A 2014 hukumar ta umarci Faransa ta karɓo kuɗaɗen da aka biya a filayen Pau, Nîmes da Angoulême, a 2019 kuma ta ce a dawo da yuro miliyan 8.5 na Montpellier. A Nuwamban 2018 sai da hukumomin Faransa suka riƙe wani jirginsa a Bordeaux, fasinjoji na shirin tafiya Landan, kafin ya biya yuro 525,000 da ake bin sa.

Masu kare tsarin na da hujja mai ƙarfi. Charleroi da Bergamo da Kraków sun ga miliyoyin baƙin da a da ba su gani. Bayan ƙasashe goma sun shiga Tarayyar Turai a 2004, jiragen araha, Ryanair da abokin hamayyarsa Wizz Air, su suka zama motar haya ta leburori da ma'aikatan jinya 'yan Polan da Lituweniya masu aiki a Birtaniya da Ailan. Ɗalibi da mai ƙaramin albashi da ba su taɓa mafarkin hawa jirgi ba sun hau. Matsalar ita ce garin da ya gina otal-otal da tashar bas a kan alƙawarin kamfani ɗaya ya zama ɗan amshin shata, ranar da aka nemi ƙarin rangwame ba shi da bakin cewa a'a.

Misalai na baya-bayan nan sun nuna yadda makamin ke aiki. Kamfanin ya rufe sansaninsa na Bordeaux a Nuwamban 2024 kan saɓanin kuɗin fili. Bayan Jamus ta ƙara harajin tikiti a Mayun 2024, ya janye daga Dortmund, Dresden da Leipzig. Da Denmak ta ƙaƙaba sabon haraji a 2025, ya rufe sansanin Billund. A Sifaniya ya cire kujeru 800,000 daga ƙananan filaye a bazarar 2025, ya daina zuwa Jerez da Valladolid, yana zargin kamfanin filaye na Aena da tsadar kuɗi. Suwidin kuwa, wadda ta soke harajin tikitinta daga Yulin 2025, ta samu ƙarin jirage. Sau da yawa sanarwar na fitowa ne da sunan ministan da ake son a matsa wa, don masu zaɓe su san wanda za su tuhuma.

Ma'aikata

Sama da shekaru talatin Ryanair ya ƙi amincewa da ƙungiyar ƙwadago. Yawancin ma'aikatan cikin jirgi ta hannun kamfanonin ɗaukar ma'aikata ake kawo su, a kan kwantiragin dokar Ailan ko da a Italiya ko Fotugal suke zaune, matuƙa da dama kuma a matsayin masu zaman kansu ake biyan su, gwargwadon awannin da suka yi a sama. A Satumban 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke, a ƙarar da wasu ma'aikatan Charleroi suka shigar, cewa ma'aikaci na iya kai ƙara a ƙasar da ya saba aiki. A cikin watan ne kuma kuskuren tsara hutun matuƙa ya tilasta soke tashi kusan 20,000, abin da ya shafi fasinja kimanin 700,000. Matuƙa suka ga ranarsu ta zo, suka yi barazanar yajin aiki dab da Kirsimeti, a Disamban 2017 kamfanin ya sauko ya amince da ƙungiyoyinsu. Yajin aiki ya biyo baya a ƙasashe da dama a 2018, aka fara sauya kwantiragi zuwa dokokin ƙasashen da ake aiki.

A ɗaya gefen teburin, yarjejeniyar O'Leary ta tanadi damar sayen hannun jari da za ta iya kawo masa kusan yuro miliyan 100 idan farashin hannun jarin ya zauna sama da yuro 21 na kwana 28 a jere. An cika wannan sharaɗi a Mayun 2025, saura ya ci gaba da zama a kujerarsa zuwa Yulin 2028.

Korona da abin da ya biyo baya

Annobar ta rage fasinjojinsa daga miliyan 149 zuwa miliyan 27.5 a shekarar kuɗi ta 2021, da asarar yuro miliyan 815. Shekara mai bi ya sake asarar miliyan 355. Amma ya shiga annobar da kuɗi a hannu da jiragen da mafi yawansu mallakinsa ne, ya rage albashi maimakon ya sallami yawancin ma'aikata, don haka da aka buɗe iyakoki ya riga kowa tashi. Fasinja suka kai miliyan 168.6 da ribar biliyan 1.43 a 2023, sai miliyan 183.7 da ribar biliyan 1.92 a 2024. A Italiya, inda Alitalia ya durƙushe a Oktoban 2021, shi ne kan gaba.

A wannan lokacin ya shigar da ƙararraki masu yawa kan tallafin da gwamnatoci suka ba kamfanonin ƙasashensu, ya kuma ci wasu: a Mayun 2023 kotun tarayyar ta soke amincewar da aka yi wa tallafin yuro biliyan 6 da Jamus ta ba Lufthansa. Sai dai mai dokar barci ya ɗan yi gyangyaɗi, domin shi ma ya karɓi rancen fam miliyan 600 daga shirin agajin korona na Birtaniya, ko da yake ya biya.

Akwai kuma tallafin da ba ya fitowa a lissafin kowa. Man jirgin sama na zirga-zirga tsakanin ƙasashe ba a ɗora masa harajin da mai mota ke biya a gidan mai. A ƙididdigar hayaƙin 2018 ta Tarayyar Turai, Ryanair ya shiga jerin goma mafiya fitar da iskar da ke ɗumama duniya, sauran tara kuwa duk tashoshin wutar lantarki ne masu ƙona kwal. Kamfanin na amsawa da cewa hayaƙinsa a kan kowane fasinja ya fi na manyan kamfanoni ƙaranci, saboda sababbin jirage da cikar kujeru. Duka maganganun biyu gaskiya ne.

Ƙafarsa a Afirka

A nahiyar Afirka Maroko ce ta buɗe masa ƙofa. Ta sa hannu a yarjejeniyar buɗe sararin sama da Tarayyar Turai a Disamban 2006, duk da sanin cewa kamfaninta Royal Air Maroc zai ji jiki. Ryanair ya kafa sansani a Fes da Marrakesh a 2013, daga baya Agadir da Tanja, a 2024 kuma aka ba shi izinin jigila tsakanin biranen ƙasar, abin da ba kasafai wata ƙasa ke ba baƙon kamfani ba. A shekarar Maroko ta karɓi 'yan yawon buɗe ido miliyan 17.4.

Sauran nahiyar na da irin wannan doka a takarda. Matsayar Yamoussoukro ta 1999 ta tanadi buɗe sararin Afirka ga kamfanonin Afirka, Tarayyar Afirka kuma ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Addis Ababa a Janairun 2018, Najeriya na cikin waɗanda suka sa hannu. Aiwatarwa ce ta yi nauyi, domin gwamnatoci da yawa na kare kamfanoninsu, suna kuma kallon tikiti a matsayin saniyar tatsa. Kamfanin fastjet, da ya fara a Tanzaniya a 2012 da burin zama irin wannan kamfani na nahiyar baki ɗaya, ya sha wahalar samun izinin tsallaka iyakoki, ya ƙare da ficewa daga Tanzaniyar. FlySafair ya yi ƙarfi, amma ƙarfinsa a cikin Afirka ta Kudu yake. A Najeriya Green Africa ya fara aiki a 2021 da ƙananan jiragen ATR 72, a kasuwar da ake sayar da tikiti da naira, ana biyan hayar jirgi, inshora da kayan gyara da dala.

Abin da ke gaba

A Mayun 2023 Ryanair ya yi odar Boeing 737 MAX 10 har guda 300, rabi tabbatattu rabi na zaɓi, kowanne da kujera 228, waɗanda za a kawo tsakanin 2027 da 2033. Burinsa shi ne fasinja miliyan 300 a shekara zuwa 2034. Dogaro da masana'anta ɗaya, wanda shi ne tushen arahar, ya riga ya nuna ɗaya fuskarsa: bayan murfin wata ƙofa ya ɓalle daga jirgin Alaska Airlines a Janairun 2024, hukumar FAA ta Amurka ta taƙaita yawan jiragen da Boeing zai riƙa ƙerawa, isowar jiragen Ryanair ta yi jinkiri, ya rage hasashen fasinjojinsa fiye da sau ɗaya. Lokacin da ya fitar da lissafinsa na 2025, MAX 10 bai samu takardar amincewar FAA ba tukuna.

Fasinja miliyan 100 na ƙari kuma sai an samo musu inda za su sauka. Ƙananan filayen yammacin Turai sun kusa ƙarewa, shi ya sa kamfanin ya daɗe da shiga manyan filaye irin su Madrid, Rum da Brussels, inda ba shi ke yanka farashi ba. A gidansa Dublin ma an kafa ƙa'idar da ta taƙaita fasinjan filin a miliyan 32 a shekara, wadda ya daɗe yana neman gwamnatin Ailan ta soke.